Tsofaffin benayen tsakiyar Shikago: me ke ɗauke da su, kuma me ke cin fuskarsu?

Ɗalibar_Zane:

Assalamu alaikum malamai. Tambayata a kan benayen tsakiyar birnin Shikago na Amurka ce, waɗanda aka gina daga 1885 zuwa farkon shekarun 1900. Benayen Monadnock da Reliance shekara huɗu kacal ke tsakaninsu, amma na farko jan bulo ne mai kauri, tagoginsa sun shige can cikin bango, na biyun kuwa kusan duk gilashi ne da farin terakota, wato dunƙulen yumɓu gasasshe mai ƙyalli da ake yi wa gini fuska da shi. Me ya kawo wannan bambanci cikin ɗan lokaci haka? Kuma yaya mutum zai gane daga bakin titi ko bango ne ke ɗauke da gini ko ƙarfe ne a ciki? Sannan a hotunan irin waɗannan gine-gine ana yawan ganin an kafa rumfar kariya a kan hanyar masu tafiya a ƙasa, wasu ma an sare musu rawanin da ke samansu gaba ɗaya, wato adon da ya fito waje a ƙolin gini. Me ke lalacewa, kuma yaya ake gyara shi? Allah Ya ƙara ilimi.

Mai_Zanen_Gini:

Wa alaikumus salam, malama. Bari in ɗauki biyun farko.

A rabin arewa na Monadnock, wanda Burnham da Root suka zana aka kammala a 1891, bangon waje ne ke ɗauke da kansa da kuma wani kaso na nauyin kowane hawa. Hawa 16 ne, don haka kaurin bangon a ƙasa ya kai ƙafa 6, kusan mita 1.8, yana raguwa har ya koma inci 18 a can sama. Duk wannan kauri fili ne da mai gini ba zai karɓi haya a kansa ba, kuma asarar ta fi yawa a hawan ƙasa, inda haya ta fi tsada kuma mai kanti ke son faffaɗar taga don baje kaya. Shi ya sa ba a ci gaba da wannan hanya ba. A ginin kansa ma, ɓangaren ƙarshe na kudu cikin ƙarin da Holabird da Roche suka yi a 1893, firam ɗin ƙarfe aka yi masa.

Reliance, wanda Charles Atwood ya ƙarasa a 1895, ginshiƙai da bim na ƙarfe ne ke ɗauke da komai. Bangon kowane hawa yana zaune ne a kan ƙarfen hawansa, nauyinsa ba ya sauka kan bangon da ke ƙasa da shi. Tunda bango ya daina aikin ɗaukar kaya, sai aka rage shi zuwa siraran layukan terakota, sauran duk aka bar wa gilashi.

Abu uku ne suka haɗu kafin hakan ya yiwu: lif mai birki da mutane suka yarda su hau, ƙarfe mai araha daga manyan masana'antu, da dabarar lulluɓe ƙarfen da tayil ɗin yumɓu gasasshe mai rami a ciki. Na ukun darasin gobarar Oktoba 1871 ne, wadda ta cinye gine-gine sama da 17,000 ta kuma nuna cewa tsirarar ƙarfe ba ya jure wuta. Yana lanƙwashewa da zafi, ƙarfen zubi kuwa idan aka watsa masa ruwa yana cikin zafi sai ya tsage.

Daga titi, fara da duba zurfin taga a hawan ƙasa, ki kwatanta da na hawan sama. Idan ta shige ciki sosai a ƙasa amma a sama ta kusa daidai da fuskar bango, bangon na ɗauke da nauyi. Idan zurfin ɗaya ne daga ƙasa har sama, akwai firam. Sai ki dubi faɗin bangon da ke tsakanin taga da taga, ki kuma dubi hawan ƙasa: gilashin kanti mai faɗin mita huɗu ko biyar ba ya yiwuwa a ƙarƙashin bango mai ɗaukar hawa goma sai da ƙarfe a samansa. Tagar da ake kira ta Shikago, babban gilashi ɗaya a tsakiya da ba ya buɗewa da ƙanana biyu a gefe masu ɗagawa sama don iska, ita ma alama ce, don tana cike duk ratar da ke tsakanin ginshiƙi da ginshiƙi. Mafi kyawun misalinta yana ginin Carson Pirie Scott na Louis Sullivan, a mahaɗar titin State da Madison.

Ki kuma nemi hoton ginin daga sama. Za ki ga yawancinsu siriri ne, ko kuma da fili a tsakiya. Fitilar lantarki ba ta da ƙarfi a lokacin, ofishin da ya yi nisa da taga fiye da mita 8 ko makamancin haka ba ya samun mai haya. Ginin Rookery na 1888 an gina shi ne kewaye da farfajiyar haske mai rufin gilashi, wadda Frank Lloyd Wright ya sake wa ado a 1905. Monadnock kuwa siriri ne har kowane ofis yana da tagarsa ta waje.

Injiniyan_Harsashi:

Malam Mai_Zanen_Gini ya yi bayani mai kyau, sai dai ina so in ja hankali kan wani abu, don kada ɗaliba ta ɗauka gida biyu ne kawai, na bango da na ƙarfe. Yawancin gine-ginen wancan zamani gauraye ne. Monadnock kansa yana da ginshiƙan ƙarfe a ciki da ƙarfen da ke riƙe shi daga turin iska. Rookery bangonsa na titi yana ɗaukar nauyi, na farfajiya kuwa a kan ƙarfe yake. Ginin Home Insurance na William Le Baron Jenney, na 1885, da ake yawan cewa shi ne dogon bene na farko mai firam, masana sun daɗe suna gardama a kansa saboda wasu bangwayensa suna ɗauke da kaya, an kuma rushe shi tun 1931. Ido daga titi hasashe yake bayarwa. Tabbaci sai an ga tsohon zane, ko an buɗe bango an leƙa.

Akwai kuma abin da ba a gani daga titi sam, wato ƙasar da suke zaune a kai. Ƙarƙashin tsakiyar Shikago laka ce mai taushi, dutse yana can kimanin mita 30 ƙasa. Maginan shekarun 1880 ba su kai ga dutsen ba. Abin da suka yi shi ne baza nauyi: a jera ƙarafunan titin jirgin ƙasa layi-layi, a gitta wani layin a kai, a zuba kankare, ginshiƙi ya zauna a tsakiya. Sun san ginin zai nutse, don haka suke ɗaga shi tun farko. An yi wa Monadnock lissafin nutsewar inci 8, amma zuwa tsakiyar ƙarni na 20 ya sauka kusan inci 20. Nutsewar ba ita ce matsala ba idan ko'ina ya sauka tare. Matsalar ita ce wani gefe ya riga wani. A ginin Auditorium na 1889, Dankmar Adler ya san hasumiyar ta fi sauran ginin nauyi, sai ya loda wa harsashinta bulo da dunƙulen ƙarfe daidai nauyin da za ta kai a ƙarshe, ana ginawa ana rage lodin. Duk da wannan dabara daɓen zauren shiga ya karkace, yana nan ana gani. Daga baya ne aka koma haƙa rijiyoyi da hannu har zuwa ƙasa mai tauri ana cika su da kankare. An fara hakan a wani gefe na ginin kasuwar hannun jari na 1894, wanda aka rushe a 1972, asarar da har yau take da zafi ga duk mai son wannan fanni.

Yanzu tambaya ta uku. Ginin firam na wancan zamani an binne ƙarfensa ne a cikin bulo kai tsaye. Babu ratar iska tsakanin fuska da cikin bango, babu shimfiɗar da ke kama ruwa ta fitar da shi waje, babu gaɓar da aka bari don motsi. An ɗauka kaurin bulo da kwaɓin da ke jikinsa sun isa su kare ƙarfen. Sun kare shi na wasu shekaru, amma da zarar ruwa ya samu hanya ta tsagar kwaɓi ko ta saman rawani, tsatsa ta fara. Tsatsa kuwa tana cin wuri ninki da yawa fiye da ƙarfen da ta fito daga gare shi, ana yawan ƙiyasta ninki bakwai. Milimita ɗaya ta ƙarfe da ta ruɓe tana iya zama kauri na milimita bakwai, kuma ƙarfin turinta ya fi ƙarfin bulo da terakota. Shi ya sa tsagar take bin taswirar firam ɗin: tsaga a tsaye a kan layin ginshiƙi, musamman na kusurwa da ruwa ke duka ta gefe biyu, da tsaga a kwance a daidai kowane hawa ko a saman taga. Tsagar nutsewar harsashi daban take, takan hau a karkace tana bin gaɓoɓin bulo, ta fi faɗi a gefe ɗaya. Ga sanyin Shikago kuma: ruwan da ya shiga tsaga idan ya daskare yana ƙaruwa da kusan kashi 9 cikin ɗari, ya buɗe ta, ya narke, wani ya sake shiga.

Rawani shi ya fi shan wahala domin ya fito waje a kan ƙarafunan da suka miƙo daga firam, ruwa da ƙanƙara suna zama a kansa. Da masu gine-gine suka ga kuɗin gyara, da yawa suka zaɓi sarewa. Na Carson Pirie Scott an cire shi a 1948, sai a 2006 aka mayar. Na ginin Marquette na 1895 shi ma an cire shi, aka sake gina shi a farkon shekarun 2000.

Tsohon_Magini:

Injiniya ya faɗi cutar, ni kuma ga yadda aikin yake a hannu.

Ba a fara gyara daga abin da aka hango da madubin nesa ko hoton jirgi mara matuƙi. Waɗannan na nuna inda za a je ne. Sai an sauko ta igiya ko dandamalin da ake ratayowa daga rufi, an bi terakota ɗaya bayan ɗaya ana ƙwanƙwasawa da gudumar katako ko ta roba mai tauri. Lafiyayye yana amsawa da sauti mai kaifi. Wanda ya rabu da bayansa sautinsa kamar na tsagaggiyar tukunya, a dushe. A sa masa lamba a jiki da kuma a zane. Kada ƙananan zane-zanen tsaga da ke kan ƙyallin su ruɗi mutum, yawancinsu ba su wuce fata ba. Abin tsoro shi ne inda ƙyallin ya ɓare yumɓun ya fito, ko tsagar ta ratsa dunƙulen, ko akwai jan tabon tsatsa yana gangarowa daga gaɓa.

Daga nan a buɗe bango a wurare kaɗan, kamar santimita 60 a 60, a kusurwa da saman taga da ƙarƙashin rawani. A kankare tsatsa a auna kaurin ƙarfen da ya rage, injiniya ya kwatanta da na asali ya yanke ko fenti ya isa ko sai an ƙara masa faranti ko an sauya shi. Ƙarfen da za a bari a goge shi har ya yi fes, a shafa fenti mai sinadarin zink, a shimfiɗa abin kama ruwa a kansa da bakinsa ya leƙo waje, a bar ƙananan ramukan fitar ruwa kowane santimita 60. Ƙugiyoyin da ke riƙe terakota duk a sauya su da ƙarfen da ba ya tsatsa. Wanda ya mayar da sabon dunƙule a kan tsohuwar ƙugiya ya sayi shekaru kaɗan ne kawai.

Inda aka fi ɓata tsofaffin gine-gine shi ne wajen sabunta kwaɓin gaɓa. Tsohon kwaɓi farar ƙasa ce ta fi yawa a cikinsa. Yana da taushi, yana barin laima ta fita ta jikinsa, idan bango ya motsa shi ne ke tsagewa, kuma sauya shi abu ne mai sauƙi. Idan aka cusa kwaɓin siminti zalla mai tauri, laimar sai ta koma fita ta jikin bulo, motsin bango kuma ya faɗa kan bakin bulon, ya riƙa ɓarewa. Ƙa'idar ita ce kwaɓi ya fi bulon da ke kewaye da shi taushi. A aika samfurin tsohon kwaɓi ɗakin gwaji a san abin da ke ciki. Haɗin da aka saba amfani da shi a irin wannan aiki a Amurka shi ne siminti 1, farar ƙasa 2, yashi 9 ga bulo mai taushi, ko 1, 1, 6 ga bulo mai tauri da wurin da ruwa ke duka sosai. Launi da girman ƙwayar yashi su ne ke sa sabon ya yi kama da tsohon, ba fenti ba.

A cire tsohon kwaɓi zuwa zurfin da ya ninka faɗin gaɓar sau biyu zuwa biyu da rabi. Gaɓar milimita 10 ke nan a shiga milimita 20 zuwa 25. Idan za a yi da injin yanka, a tsaga tsakiyar gaɓar kwance kawai a ƙarasa da kurfi da hannu. Gaɓar tsaye ba ta son inji, faifan yakan zarce ya yanki bulon sama da na ƙasa. A wanke ƙura, a jiƙa gaɓar ba tare da ruwa ya kwanta ba, a cusa kwaɓi kashi-kashi na milimita 6, kowane kashi ya ɗan kama har yatsa ya daina nutsewa kafin a ɗora na gaba. Kada a yi aikin idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 5 a ma'aunin Salshiyas, kuma a riƙa yayyafa ruwa na kwana biyu ko uku don kada ya bushe da gaggawa.

Wanki kuma: ba a fesa wa tsohon bulo yashi da inji. Fatar da wuta ta gasa ita ce kariyarsa, idan ta tafi ba ta dawowa. Asid yana cin dutsen farar ƙasa da marmara, yana kashe ƙyallin terakota. A fara da ruwa zalla mai ƙaramin ƙarfi da buroshi mai taushi a murabba'in mita ɗaya a wani lungu, a jira ya bushe, a gani.

Ɗalibar_Zane:

Na gode ƙwarai, malamai. Saura abu ɗaya. Idan dunƙulen terakota ya lalace har ba ya gyaruwa, ana samun sabo? Kuma me zai hana a shafe duk fuskar ginin da maganin hana ruwa shiga a huta?

Hajiya_Akitek:

Ana samu, ƙanwata, amma sai da haƙuri. Manyan masana'antun da suka yi wa Shikago terakota, irin su Northwestern Terra Cotta, sun daɗe da rufewa. Kaɗan suka rage a Amurka, fitattu su ne Gladding McBean a Kalifoniya da Boston Valley a jihar Niyok. Ba a iya ɗaukar tsohon dunƙule a yi masa mazubi kai tsaye, domin yumɓu yana ƙanƙancewa wajen bushewa da gashi, kusan inci ɗaya a kowace ƙafa. Dole a sassaƙa sabon samfuri da ya fi na asali girma daidai wannan lissafi, a yi gwajin launin ƙyalli sau da yawa, sannan a gasa. Watanni ake ɗauka, saboda haka ana ba da oda tun kafin a kafa dandamalin aiki, in ba haka ba ma'aikata su zauna jira. Wasu na amfani da kankare mai zaren gilashi a madadinsa, musamman wajen sake gina rawani can sama, inda rashin nauyi ke da amfani kuma ido ba ya kaiwa. A hawan ƙasa da mutane ke taɓawa ban yarda da shi ba. Launinsa da yadda yake ɗaukar datti suna bambanta da na terakota, bayan 'yan shekaru sai fuskar ta zama faci-faci.

Maganin hana ruwa kuwa, ki bar shi. Ruwan da ke cutar da waɗannan gine-gine ba ta jikin bulo yake shiga ba galibi. Ta saman katangar rufi yake shiga, da toshewar indararo, da dakalin taga, da gaɓar da ta buɗe. Idan kika rufe fuskar, ruwan zai ci gaba da shiga ta waɗancan hanyoyi, ya rasa mafita, ya daskare a bayan shafen ya ture fatar bulon. Haka cika gaɓoɓin terakota da roba mai manne yake yi. Ana sa robar ne kawai a gaɓar da ke kallon sama da kuma gaɓar motsi da aka yanka da gangan a ƙarƙashin ƙarfen kowane hawa.

Irin wannan haɗari yana nan idan ana mayar da tsohon ofis otal ko gidajen kwana, kamar yadda aka yi wa Reliance a 1999. Idan aka liƙa wa bango abin tare sanyi mai kauri daga ciki, ɗumin ɗaki ya daina ratsa bulon, bangon ya fi daɗewa a jiƙe ya kuma fi daskarewa. Kafin a yi, a gwada yadda bulon ke shan ruwa, a yi lissafin laima.

Rumfunan da kika gani a hoto doka ce ta kawo su. Niyok ta kafa dokar duba fuskar gini a 1980, bayan wani ɓangaren gini ya faɗo ya kashe wata ɗaliba a 1979, dokar ta kuma wajabta a riƙa duba duk ginin da ya haura hawa shida kowace shekara biyar. Shikago ta yi tata a 1996 ga gine-ginen da suka wuce ƙafa 80, da cikakken bincike kowace shekara 4 ko 8 ko 12, gwargwadon irin ƙarfen da ke riƙe fuskar. Tsohon terakota mai ƙugiyar da ke tsatsa yana cikin rukunin da aka fi matsa wa. Gwamnatin tarayyar Amurka kuma tana rage wa mai ginin tarihi da ke kawo kuɗin shiga harajin da ya kai kashi 20 cikin ɗari na kuɗin gyara, da sharaɗin aikin ya bi ƙa'idojin adana tarihi, waɗanda suka haramta fesa yashi ƙarara.

Injiniyan_Harsashi:

Ƙari kaɗan kan maganar Hajiya. Inda tsatsa ta fara amma fuskar ba ta tsage sosai ba, akwai hanyar da ba sai an kwance bango ba. Ana huda ƙananan ramuka a gaɓoɓin kwaɓi, a dasa sandunan titaniyam, a haɗa su da ƙaramar wutar lantarki da ke gudana zuwa firam ɗin ta tsayar da tsatsar. Sharaɗinta duk ƙarfen da ke cikin bangon ya kasance a haɗe da juna, har da ƙugiyoyi, domin guntun da aka bari shi kaɗai zai fi saurin ruɓewa da wutar da ke ratsa shi. Ba ta mayar da ƙarfen da ya riga ya ci, kuma tana bukatar wanda zai riƙa duba mitocinta shekara da shekaru. Game da adon ƙarfen zubi irin na ƙofar Carson Pirie Scott, walda ta yau da kullum takan ƙara tsaga shi, don haka an fi kwance shi guntu-guntu da lamba, a cire tsohon fenti mai dalma a wurin da aka killace, a ɗinke tsagar da ƙusoshin ƙarfe ko a sake zuba guntun da ya karye.